Za a bar mini amanar zomo na mako biyu, ni kuwa ban taɓa kiwonsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata abokiyar aikina za ta yi tafiya ta mako biyu, ta roƙe ni in kula mata da zomonta, ni kuma na amsa nan take saboda mutuncin da ke tsakaninmu. Sai da na koma gida hankalina ya tashi, domin ban taɓa kiwon zomo ba, ina da yara biyu ƙanana, kuma muna da kyanwa. Zomon a cikin ɗaki take ajiye shi, ya shekara huɗu a hannunta, tana ji da shi matuƙa. Saura kwana goma ta tashi. Shin in ɗauko shi zuwa gidana ne, ko in riƙa zuwa gidanta? Me zan tanada, me zan ba shi, kuma yaya zan gane idan ba shi da lafiya? Babban tsorona shi ne ya mutu a hannuna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsoron da ya kama ki bayan kin amsa shi ne ya sa nake ganin abokiyarki ba ta yi zaɓen tumun dare ba, domin wanda ya ɗauki amana da sauƙi shi ne ya fi saurin yin sakaci da ita. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, aikinki a mako biyun nan bai wuce abu biyu ba: zomon ya ci gaba da rayuwar da ya saba ba tare da an sauya masa komai ba, ke kuma ki zama mai ido, wadda za ta gane da wuri idan wani abu ya sauya a jikinsa. Sau da yawa ɓarnar da ke samun zomon da aka bar wa wani daga kyakkyawar niyya take fitowa, wato a ba shi sabon abinci don a faranta masa, ko a yi masa wanka don a ga ya yi tsaf, ko a riƙa ɗaukarsa ana rungumewa don kada ya yi kewa.

Game da inda zai zauna, ra'ayina shi ne a bar shi a gidansu, muddin za ki iya zuwa sau biyu a kowace rana, da sassafe da kuma yamma, waɗanda su ne lokutan da zomo ya fi kuzari da cin abinci. Zomo dabba ce da kusan kowane mai cin nama yake farauta a dawa, saboda haka kwanciyar hankalinsa ta dogara ga sanin kowane lungu na muhallinsa da inda zai ruga ya ɓuya idan ya ji motsi. Za ki ga yana goga haɓarsa a jikin ƙafar kujera ko bakin kwanonsa, to da wani ƙamshi da ke fita a ƙarƙashin haɓar, wanda hancin mutum ba ya ji, yake yi wa kayansa shaida. Idan aka raba shi da uwar ɗakinsa, aka raba shi da wurinsa a rana guda, sannan aka kai shi gidan da ke da warin kyanwa da hayaniyar yara, an haɗa masa firgici uku ke nan, zomon da ya firgita kuwa abu na farko da yake bari shi ne cin abinci. Sai dai sharaɗin zuwa sau biyu ba na wasa ba ne, kuma leƙawa ta minti biyar ba ta wadatar ba. Ki zauna kamar awa guda, ki sake shi ya motsa jiki, ki ga da idonki ya ci ya sha. Idan kin san nisa ko aiki ba za su bar ki ki yi haka ba, to ki ɗauko shi, amma ki ɗauko shi da duk komatsansa: kejinsa, kwanukansa, akwatin da yake bahaya a ciki, da tsumman da yake kwanciya a kai ba tare da an wanke shi ba. Ki kuma roƙe ta ta kawo shi kwana biyu kafin tafiyar, domin idan ya ƙi cin abinci a baƙon wuri, a gano tun tana kusa.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ki je gidanta a cikin kwanakin nan aƙalla sau biyu, a daidai lokacin da take ba shi abinci, ki tsaya ki ga yadda take yi, shi ma ya fara sanin muryarki da ƙamshinki. Kada ki dogara da ƙwaƙwalwa. Ta rubuta miki sunan abincin da yake ci da ma'auninsa, da irin ganyen da ya saba da shi, da maganin da yake sha idan akwai, da nauyinsa, da rigakafin da aka yi masa. Ta bar miki abincin da zai kai mako uku maimakon biyu, saboda tafiya takan zo da jinkiri. Ki karɓi lambar likitan dabbobin da ya saba duba shi, ki kuma tambayi inda ake zuwa da dare ko ranar hutu, domin ba kowane likitan dabbobi ne ya ƙware a kan zomaye ba, kuma ranar da ake cikin tashin hankali ba ranar fara nema ba ce.

Akwai wata magana mai nauyi da kunya kan hana mutane yi, ita ce kuma na fi so ki yi kafin ta tashi. Ki tambaye ta kai tsaye cewa, idan zomon ya kamu da rashin lafiya da tsakar dare, aka kira wayarta ba a same ta ba, ta ba ki izini ki kai shi asibiti? Wa zai biya, kuma har nawa ta yarda a kashe ba tare da an sake tuntuɓarta ba? Idan likita ya ce sai an yi masa aiki, wa zai yanke hukunci a madadinta? Ta bar kuɗi a hannunki ko ta shirya da likitan tun yanzu, ta kuma ambaci wani ɗan'uwanta da za ki kira idan ita ba ta samu ba, sannan ta aiko miki da amsoshin a rubuce ta waya. Na san za ki ji nauyin tayar da zancen kuɗi da wadda kike ganin girmanta, amma masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a ranar baƙin ciki mutum kan manta da cutar da ta yi kisa, ya tuna da wanda abin ya faru a hannunsa. Wannan zama na minti goma shi zai kare zomon daga jinkirin da kan halaka shi, ya kuma kare zumuncinku.

Asalin abincin zomo busasshiyar ciyawa ce, wato ingirici mai tsafta marar ƙura da fumfuna, kuma ita ya kamata ta zama kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na abin da yake ci. Ma'auni mafi sauƙi shi ne ki zuba masa tari mai girman jikinsa kowace rana, kada ta yanke a gabansa dare ko rana. Haƙoran zomo guda 28 ne, kuma ba sa daina tsiro har ƙarshen ransa, na gaba ma sukan ƙaru da kimanin milimita 2 a mako, saboda haka tauna ciyawa ce take goge su ta hana su yin tsini su yanke masa harshe da kunci. Ita ce kuma take sa hanjinsa ya ci gaba da motsi. Bayan ciyawa sai ɗanyen ganye da aka wanke, na irin da ya saba kawai, sai ƙwayoyin abincin zomo na buhu gwargwadon ma'aunin da mai shi ta nuna miki, ko da kuwa ya tsaya yana kallonki kamar bai ƙoshi ba. Karas da mutane suke ɗauka shi ne abincin zomo yana da sukari da yawa, daidai yake da alewa a wurinsa, don haka ɗan yanki kaɗan ya isa, haka ma 'ya'yan itatuwa. Kada ki ba shi burodi, ko biskit, ko cakulan, ko albasa, ko tafarnuwa, ko dankalin turawa, ko fiya, kuma ki gargaɗi yara a kan haka da kyau. Kada ki yanko masa ciyawar bakin hanya, wadda ba ki san ko an fesa mata magani ba. Zomo ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiya sai ya bi ta hanjinsa har ƙarshe, sannan ƙananan halittun da ke cikin hanjin, masu narkar masa da abinci, ba sa jure sauyi na farat ɗaya. Masu zomaye kan ɗauki mako guda ko biyu kafin su gama sauya masa abinci, ke kuwa da mako biyu ne duka wa'adinki, babu dalilin da zai sa ki gwada. Ruwa kuma ki sabunta shi safe da yamma, a cikin mazubin da ya saba sha, idan kwalba ce mai bututu ki taɓa bakin ki tabbata bai toshe ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a cikin amsar nan, wato yadda za ki gane ba shi da lafiya. Zomo yana ɓoye ciwo, domin a dawa duk wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, saboda haka ba za ki ji kuka ko nishi ba. Abin da ba ya iya ɓoyewa biyu ne, cinsa da kashinsa. Lafiyayyen zomo yakan yi ƙwayoyin kashi 200 zuwa 300 a rana, busassu, masu siffar ƙwallo, kusan girmansu ɗaya. Ranar da kika je gidan abokiyarki ki ɗauki hotonsu da wayarki, domin ki sami abin gwadawa. Kowace safiya ki kwashe na jiya kafin ki zuba sabuwar shimfiɗa, ta haka za ki san abin da ya yi a cikin sa'o'in da ba kya nan. Idan kika ga ƙwayoyin sun ƙanƙance, ko sun ragu ƙwarai, ko babu su gaba ɗaya, to hanjinsa ya fara tsayawa. Yadda abin yake faruwa shi ne, firgici ko ciwon haƙori ko wani zafi ya sa ya rage ci, sai motsin hanji ya ragu, abin da ke ciki ya bushe, iska ta taru ta kumbura shi, zafin kumburin kuma ya ƙara hana shi ci, haka abin zai yi ta zagayawa har ya galabaita. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, yana bukatar likita a ranar, ba a jira gari ya waye a gani. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce zuwa sau ɗaya a yini bai isa ba. Gwaji mai sauƙi shi ne ki miƙa masa ganyen da ya fi so, idan ya kawar da kai, ki ɗauki abin da gaske.

Sauran alamun da za su sa ki garzaya da shi asibiti sun haɗa da takurewa a lungu ya dunƙule idanu a lumshe, da cizon haƙora mai ƙara wanda ake ji daga nesa, da ciki mai tauri kamar ganga, da zawo mai ruwa, da karkacewar kai gefe guda, da kunnuwa masu sanyi tare da kasala, da kuma numfashi ta baki, domin zomo ta hanci kaɗai yake numfashi, idan ya buɗe baki yana neman iska to abin ya yi tsanani. A duk waɗannan kada ki ba shi magani da kanki. Wasu magungunan da mutane suke sha hankali kwance, irin su amoksisilin, suna iya kashe zomo idan aka ba shi ta baki, saboda suna hallaka ƙananan halittun nan na hanjinsa, haka ma maganin ƙuma na kare da kyanwa mai sinadarin fifronil guba ne a gare shi. Kada kuma ki ɗura masa abinci idan cikinsa a kumbure yake sai likita ya duba. A ɗaya ɓangaren, akwai abubuwan da za su tsorata ki alhali lafiya ce. Za ki iya ganin ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi da ke fitowa a cure, wannan ɗabi'arsa ce, daga nan yake samun wasu sinadaran gina jiki, kada ki hana shi. Fitsarinsa ma yakan yi kauri ko ya sauya launi daga rawaya zuwa ja-ja gwargwadon ganyen da ya ci, sai dai idan kika ga yana yunƙuri fitsarin ba ya fita, ko kika ga gudan jini, to a kira likita.

Zafi ma babban makiyinsa ne. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafin ɗaki ya doshi digiri 30 a ma'aunin Salshiyos ransa yana cikin haɗari. Idan a gidansu za a bar shi, ki tabbata ɗakin ba ya zama tanda da rana bayan an rufe tagogi, kuma rana ba ta faɗowa kan kejin. Kwalbar ruwa mai ƙanƙara da aka naɗe da tawul, a ajiye a gefensa ya jingina idan ya so, tana taimakawa sosai. A lokacin zafi ki riƙa duba ƙarƙashin wutsiyarsa safe da yamma, domin idan wurin ya jiƙe ko kashi ya manne, ƙudaje kan yi ƙwai a kai, su ƙyanƙyashe tsutsotsi cikin ƙasa da kwana guda su fara cin namansa. Idan wurin ya ɓaci ki goge da tsumma mai ɗumi ki busar, amma kada ki tsoma shi cikin ruwa, domin zomo yana wanke kansa da kansa, wanka kuwa yana firgita shi ya kuma sa masa sanyi.

Idan gidanki ya zo, ki ware masa ɗaki guda mai ƙofa da ke rufuwa sosai. Ki durƙusa ki dubi ɗakin daga ƙasa kamar yadda shi zai gan shi, duk wayar lantarki ko cajar waya da bakinsa zai kai gare ta ki ɗauke, domin cizo ɗaya ya isa ya datse ta. Ki fitar da tukwanen furanni, da leda, da duk takardar da kike so. Ki sa masa kwali mai ƙofa biyu da zai riƙa shiga, ki shimfiɗa wani abu idan daɓen mai santsi ne. Kada ki zuba masa irin yashin kyanwa mai dunƙulewa idan ya jiƙe, saboda yana iya ci ya toshe masa hanji. Ita kuwa kyanwa, komai sanyin halinta, kada ta shiga ɗakin ko sau ɗaya, ko kina nan ko ba kya nan, domin ƙaramin yagi nata yana iya zama maruru a jikin zomo, kallonta kaɗai ma ya isa ya hana shi ci.

Yaranki za su so ɗaukarsa, ni kuwa shawarata ita ce ki hana su gaba ɗaya, ke ma kada ki ɗauke shi sai da dalili. A wurin zomo, ɗagawa sama daidai take da shaho ya sure shi. Ƙasusuwansa ba su wuce kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, ƙafafunsa na baya kuma suna da ƙarfi ƙwarai, har yakan iya karya ƙashin bayansa da kansa idan ya yi harbi a iska yana neman kuɓuta. Idan dole ta sa, ki sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ya tallafi gindinsa, ki manna shi a jikinki kina durƙushe kusa da ƙasa, kuma kada wani ya kuskura ya ɗaga shi ta kunne. Su yaran ki koya musu su zauna a ƙasa shiru a gabanki, da ganye a tafin hannu, su bari shi ya zo da kansa. Kwana biyu ko uku na farko zai iya ɓuya, ya riƙa buga ƙafar baya a ƙasa alamar bai amince ba, wannan ba abin damuwa ba ne muddin ciyawar tana raguwa, kashi kuma yana fitowa. Ranar da kika ga ya miƙe ƙafafu ya kwanta ta gefe a gabanki, ko ya yi tsalle yana murɗa jiki a iska, to ya saki jiki da ke.

Idan bayan kin karanta wannan duka kika ga yanayin gidanki ko na aikinki ba zai ɗauka ba, ki gaya mata yau, tun da sauran kwana goma da za ta nemi wani, kuma babu laifi a cikin hakan. Idan kuwa kin ga za ki iya, kamar yadda nake kyautata zato, to ki riƙa aika mata hoto guda da gajeren saƙo kowace rana, ki faɗi abin da ya ci da yadda kika same shi. Duk abin da ya faru, ko da kuskurenki ne, kamar ya ci wani abu da bai kamata ba ko ya kuɓuce daga hannun yaro ya faɗi, ki sanar da ita da likita nan take, kada ki ɓoye da nufin kada ki ɓata mata tafiya, domin ita ta san zomonta, kuma wata alama da ta ruɗa ki tana iya warware miki ita da kalma ɗaya. Ki ajiye 'yar takarda kusa da kejin kina rubuta waɗannan abubuwa da kwanan wata, ranar da ta dawo ki miƙa mata tare da sauran abincin, ki kuma roƙe ta ta sa masa ido na kwana biyu, saboda idan gidanki ya zo, komawa gida ma sauyi ne a wurinsa.